Babban hutu a Yamai: fita da iyali ko sa yara a kulob, wanne ya fi dacewa da gidanku?

Daga ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Oktoba lakwal a rufe take, wato kusan wata uku ke nan yara suna gida, kuma hutun yana faɗawa ne a tsakiyar damina. A Yamai, inda gidaje da yawa ba su da gonar da za a tura yara su taya noma, abin da ke damun iyaye shi ne inda za a zuba ɗan kuɗin da aka ware domin wannan lokaci: a tara shi a yi fita biyu ko uku da iyali gaba ɗaya, ko kuwa a biya wa yaro wani abu da zai riƙa zuwa a kai a kai har a koma aji. Waɗannan abubuwa biyu ba buƙata ɗaya suke biya ba, shi ya sa wanda ya ɗauki kuɗin ƙofar gidan tarihi ya gwada shi kai tsaye da kuɗin wata na kulob yakan yi kuskuren lissafi tun daga tushe.

Ma'aunin da za a auna kowanne da shi

Na farko shi ne kuɗi, amma kuɗin gaskiya, ba wanda aka rubuta a bakin ƙofa ba. A garin nan abin da ke cinye aljihu shi ne zirga-zirga. A ɗauka, alal misali, cewa kujerar taksi dala 60 ce, kuma daga Talaje ko Bobiyel sai an biya kuɗin tafiya biyu kafin a isa wurin horon. Yaro ɗaya da mai raka shi, zuwa da dawowa, sun ci dala 480 ke nan a rana guda, kuma idan horon sau uku ne a mako, a wata an kashe kusan jika 29 a kan hanya kaɗai, ba a biya mai koyarwa ko sisi ba. Kowa ya sa farashin da yake biya a unguwarsa ya buga lissafin, zai tarar cewa kulob mai tsada da ke bayan gida yakan fi mai araha da ke wancan gefen gari sauƙi. A kan wannan sai a ƙara kayan sawa, da kuɗin rajista, da ruwan sha, da abin taɓawa, da ɗan abin da yara za su nuna a hanya su ce sai an saya musu.

Na biyu shi ne ɗorewa, wato abin da zai rage a jikin yaro ko a cikin kansa bayan an koma lakwal. Na uku sauƙi: wa zai raka shi, da ƙarfe nawa ake yi, kuma me ke faruwa ranar da hadari ya haɗo, domin watan Agusta ne ya fi kowane wata ruwa a Yamai, kuma akwai unguwannin da ruwan dare ɗaya yake hana mota shiga har tsawon yini. Na huɗu haɗari, wanda ya ƙunshi ruwa, da hanya, da sauron magariba, da kuma halin mutanen da za a danƙa wa yaro. Shekarun yaro suna ratsa dukkan huɗun, tunda abin da zai ishi ɗan shekara 5 ba zai riƙe ɗan shekara 13 ba ko na rabin awa.

Gidan tarihi na Bubu Hama

A cikin wuraren fita na yini ɗaya, muze, wato wannan gidan tarihi, shi ne ya fi cika ma'aunin nan. An kafa shi a 1959, yana ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin da ya shugabanci majalisar dokokin ƙasa har zuwa 1974, kuma filinsa ya kai hekta 24 a tsakiyar gari, ba nisa da Gadar Kennedy. Abin da ya bambanta shi da sauran wurare shi ne ya haɗa abubuwa uku a ƙofa ɗaya: gidan namun daji mai zakuna, da kuraye, da dorina, da kadoji, da birai; zaurukan tarihi na tufafin gargajiya, da kayan kiɗa, da ma'adinin yuraniyom; sai kuma rumfunan masu sana'ar hannu. A nan ne aka ajiye gungumen shahararren iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a cikin hamada har wata babbar mota ta kayar da shi a 1973. A nan ne kuma yaro zai tsaya kusa da ƙasusuwan dabbobin da suka rayu a yankin Agadas sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, ciki har da wani ƙaton kada da aka tono a Gadafawa, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya fi yaron tsawo.

Iyaye da yawa suna tsayawa a kejin zaki da tafkin dorina, su ɗauki hoto, su juya gida. A ganina rabin kuɗinsu suka ci. Ɓangaren da yake kama yaro ɗan shekara 8 zuwa sama shi ne rumfar masu sana'a, inda zai ga maƙerin azurfa zaune a ƙasa, ya danne ƙaramar maƙera tsakanin ƙafafunsa, yana zana layi a jikin kuros ɗin Agadas, abin wuyan nan na ado, da ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba, ga baduku a gefe yana yanka jan fata, ga masaƙi yana jefa ƙoshiya. Idan aka yi sallama aka nemi izini, galibinsu suna barin yaro ya zauna ya kalla, har su amsa tambayarsa. Minti ashirin a wannan rumfa sun fi awa guda ta gudu daga keji zuwa keji.

Ta fuskar kuɗi, abin da ɗan ƙasa yake biya a ƙofa kaɗan ne, na yara kuma ya fi sauƙi, har kuɗin taksi da na sanyi sukan fi shi. Wanda ya zo da gorar ruwa da ɗan dambu ko fanke daga gida ya rage kashe kuɗi sosai. Ta fuskar sauƙi, a isa da safe, domin da rana ta take dabbobin suna shigewa inuwa, yaran kuma suna fara ƙorafin ƙafa, ga filin da faɗi. Haɗarinsa biyu ne: hannun yaro a jikin keji, musamman na birai, da kuma ɓacewa cikin cunkoso. A ranakun Salla wurin yana cika maƙil da yara daga kowace unguwa, to mai ƙananan yara gara ya zaɓi wata ranar aiki, kuma ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya sa a aljihun kowane ɗaya. Rauninsa shi ne ɗorewa: zuwa ɗaya ko biyu a hutu ya isa, ba wurin da zai riƙe yaro wata uku ba ne.

Bakin kogi da shiga jirgi

Kogin Isa shi ne adon garin, kuma zama a gefen Gamkale ko Yantala da la'asar, ana kallon masunta da masu lambu da shanun da ke saukowa shan ruwa, ba ya cin kuɗi sai na abin da aka ci. Shiga jirgin ruwa ciniki ne tsakaninka da mai jirgi, babu tsayayyen farashi, saboda haka a gama magana a kan kuɗi da tsawon tafiya tun ƙafa tana kan tudu. Masu mota sukan miƙa har Bubon, kimanin kilomita 25 a kan hanyar Tilaberi, garin da aka sani da tukwanen da matansa suke ginawa da kasuwarsa ta ranar Laraba.

Sai dai babban hutu shi ne lokaci mafi muni na kai yara cikin kogi. Kogin yana cika sau biyu a shekara a Yamai. Cikar farko ita ce ta ruwan damina a Agusta da Satumba, jan ruwa mai laka da ƙarfi wanda ke iya tashi cikin dare ɗaya, kuma shi ne ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Haro Banda a 2020. Cika ta biyu ita ce wadda ke gangarowa daga Gine a hankali, ta iso a watannin Disamba da Janairu, lokacin da iska ta yi sanyi kuma sauro ya ragu. Wanda yake son yaransa su shiga jirgi, ya dakata zuwa ɗan hutun ƙarshen Disamba, kuma ko a lokacin kada ya yarda sai da rigar ceto daidai jikin kowane yaro. Dorina ba abin wasa ba ce, tana kifar da jirgi, musamman mai ɗa, don haka mai jirgin da ke alfaharin zai matsa da ku kusa da ita ba shi ne za a ɗauka ba. Akwai kuma haɗarin da ba a gani da ido: tsargiya, wadda ake kamuwa da ita ta wanka ko wasa a ruwan da ba ya gudu sosai, kamar gefen kogi da magudanan fadamun shinkafa na Saga da Kirkisoy. Alamarta da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari, tana da magani a likita, amma yaro yakan ɓoye saboda kunya.

Raƙuman dawa na Kure

Kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso ake samun mafi yawan raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma da suka rage. A 1996 ba su wuce 50 ba, daga baya kiyayewa ta sa suka haura 600, kuma da damina ne suke hawowa tudun da ke kusa da Kure. A ka'ida wannan ita ce fitar da ta fi kowace burge yaro. Amma a nan ne aka kashe mutum 8 ranar 9 ga Agusta 2020, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da ƴan Nijar 2, kuma tun daga lokacin maganar zuwa can ta zama maganar tsaro kafin ta zama ta kuɗi. Ga tsadar mota da mai da kuɗin ɗan jagora. Ba tafiyar da za a yanke da dare a tashi da safe ba ce: sai an tambayi hukuma halin da hanya take ciki a makon, kuma idan amsar ba ta fito sarai ba, a bari. Haka maganar take ga gandun dajin W, har ma fiye.

Wuraren lilo na kuɗi

Waɗannan su ne mafi sauƙin shiryawa kuma mafi saurin cinye kuɗi, domin galibi ana biyan ƙofa, sannan a biya kowane lilo ko motar wasa daban, kuma yaro ba ya sauka da son ransa. A yanke adadin hawa tun daga gida, a gaya wa yaran. Sun dace da ƴan shekara 3 zuwa 7, amfaninsu kuma yana ƙarewa a ranar. Kafin a ɗora yaro a duba bel ɗin ɗaurewa da ƙarafan da suka yi tsatsa, kuma kada a bar shi ya hau abin da ke aiki da wuta idan ƙasa a jiƙe take.

Kulob na wasanni

A nan ne maganar ɗorewa take da nauyi. Ƙwallon ƙafa ita ce mafi araha da kusa, tunda kusan kowace unguwa, daga Bukoki zuwa Banifandu, tana da fili da wani matashi mai usur da ke tara yara da safe ko da la'asar. Abin da ake nema takalmi ne da riga da ɗan abin da ake tarawa na sayen balo. Matsalarta ita ce rashin tsari: ana haɗa ɗan shekara 9 da ɗan 15 a fili ɗaya, babu akwatin magani, filin kuma yakan zama tafki bayan ruwa. Makarantun ƙwallo masu rajista sun fi tsari kuma sun fi tsada. Wanda duk ya zo wa iyaye da maganar zai fitar da yaro Turai idan aka ba shi wasu jikkuna na takardu, a rufe masa ƙofa, domin wannan tsohuwar damfara ce da ta cinye gidaje a ƙasashen yankin nan.

Taikwando ya samu karɓuwa sosai tun da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo lambar azurfa a gasar Olimfik ta Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Kafin shi, lambar Olimfik ɗaya tak ƙasar take da ita, tagullar da Isaka Dabore ya samu a damben zamani a 1972. Yanzu ana samun kulob a harabar filin wasa na Janar Seyni Kunce da kuma cikin makarantu da gidajen matasa na unguwanni. Kuɗinsa kashi uku ne: rajista, kuɗin wata, da farar rigar horo, sannan daga baya kuɗin jarrabawar sauya ɗamara, wanda iyaye da yawa ba sa sawa a lissafi. Fa'idarsa a kan ƙwallo ita ce ana yinsa a ƙarƙashin rufi ko a kan daɓe, ruwa ba ya cika tsayar da shi, ana raba yara bisa matakinsu, kuma yana cikin wasannin da ƴan mata suke shiga ba tare da tufafin sun zama abin gardama a gida ba, tunda rigar tana rufe jiki kuma ana iya ɗaura kallabi. Amma wata uku ba sa isa a ga amfaninsa. Wanda bai da niyyar ci gaba da biya bayan an koma lakwal, kada ya sayi rigar.

Iyo shi ne mafi tsada a cikin ukun, domin wuraren wankan galibi na otal ne ko na ƙungiyoyi, kuma ana biyan shiga daban, mai koyarwa daban. Duk da haka shi kaɗai ne abin da ake iya koya a hutu ɗaya ya zauna har tsufa, kuma a garin da kogi ya raba biyu, ga tafkunan damina da ramukan da masu bulo suka haƙa a gefen unguwanni, iya iyo ba ado ba ne. Yara za su je ruwa ko an hana su. Abin dubawa shi ne ko ana ganin ƙasan wurin wankan daga sama, yara nawa ne a hannun mai koyarwa ɗaya, kuma ko akwai wani babba da aikinsa kawai shi ne zuba ido. Idan ruwan ya yi kore ko ya yi duhu, a koma gida. Ga ƴan mata, a tambaya ko akwai ranar mata ko mace mai koyarwa.

Kowane kulob ne, zuwa da kai ya fi aike. Uba ko uwa su je su zauna a horo ɗaya daga farko har ƙarshe kafin su biya, su ga yadda mai koyarwa yake magana da yaron da ya kasa, ko yana duka, ko yana keɓewa da yaro ɗaya, da kuma ƙarfe nawa ake tashi. Horon da ke kai yara magariba a fili a watan Agusta yana nufin sauro, kuma maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida gida da damina na ƴan wata 3 zuwa 59 ne, bai shafi yawancin masu zuwa kulob ba.

Cibiyoyin al'adu da ƙungiyoyin yara

Wannan ɓangaren ne aka fi mantawa da shi, alhali kuɗinsa kaɗan ne. Cibiyar al'adu ta Umaru Ganda tana da ɗakin karatu da dandalin wasanni. Tsohuwar cibiyar Faransa da Nijar da ke fuskantar muze ta koma ɗauke da sunan Mustafa Alasan tun 2024. Cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989, wuri ne da yaro zai ga gurmi da goge da molo a hannun masu iya su. Tsarin kowace yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka sai an taka an karanta allon sanarwa. Katin ɗakin karatu ya dace da yaro mai shiru wanda ƙwallo ba ta dame shi ba, kuma ga ɗan aji shida da Faransanci yake ba shi wuya, littattafan labari goma da ya zaɓa da kansa sukan yi masa abin da darasin nahawu bai yi ba. Wasan kwaikwayo kuwa yana buɗe bakin yaro mai kunya. Ƙungiyoyin sikawut suna koya ɗaurin igiya, taimakon gaggawa, da aikin gayya irin dashen itatuwa na ranar 3 ga Agusta. Haɗarinsu kaɗan ne a cikin gari, sai dai idan maganar kwana a waje ta taso, a nemi sanin wurin da sunayen manyan da za su kwana da su.

Darasin hutu da hadda

Gaskiyar magana ita ce a gidaje da yawa ba tsakanin muze da taikwando ake zaɓi ba, tsakanin darasin hutu ne da makarantar allo ko islamiyya. Darasin hutu yana kusa, galibi a lakwal ɗin unguwa, kuɗinsa matsakaici, kuma yana da amfani na zahiri ga wanda zai shiga ajin jarrabawa, wato mai fuskantar birbe ko bak, ko wanda ya haye aji da ƙyar. Ga ɗan aji biyu da ya ci jarrabawarsa lafiya, ƙarin gajiya ne kawai. A tambayi mushen ko yara nawa ne a ajin, domin idan sun kai yawan na lokacin karatu, an sayi abin da ake da shi ne.

Hadda kuwa hutu ne lokacinta, tunda a sauran shekara yaro yana zuwa islamiyya ne da ragowar ƙarfinsa. Kuɗinta ya fi na kowa sauƙi, tafiyar ƙafa ce, kuma abin da aka haddace yana zama idan akwai mai sauraron tilawa a gida. Abin kiyayewa shi ne bulala da tsawon zama. Ba na ganin hikima a haɗa wa yaro darasin hutu da safe, islamiyya da azahar, mai koyarwa na gida da dare, a ce masa yana hutu. Ɗaya daga ciki da safe, sannan wani abu na motsa jiki da la'asar, ya fi yi masa amfani.

Akwai kuma koloni, wato tafiyar kwanaki da wasu ma'aikatu da kamfanoni suke shirya wa ƴaƴan ma'aikatansu. Wanda wurin aikinsa ke ɗaukar mafi yawan kuɗin, ya samu garaɓasa, in dai yaron ya kai shekarun kwana nesa da gida kuma an san hanyar da za a bi. Wanda zai biya duka daga aljihunsa, kuɗin mako biyun nan zai iya riƙe kulob na shekara.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewar amfani | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Muze | Kaɗan | Matsakaici | Da sauƙi | Cunkoso, keji |
| Kogi da jirgi | Sai ciniki | Kaɗan | Matsakaici | Nutsewa, dorina, tsargiya |
| Kure | Da yawa | Matsakaici | Da wuya | Tsaron hanya |
| Wuraren lilo | Yana taruwa | Babu | Da sauƙi | Tsofaffin ƙarafa, wuta |
| Ƙwallon unguwa | Kaɗan | Matsakaici | Da sauƙi | Rauni, ƴan damfara |
| Taikwando | Matsakaici | Sosai, idan an ci gaba | Ya danganta da nisa | Mai koyarwa marar haƙuri |
| Iyo | Da yawa | Har tsufa | Sai an raka | Rashin mai sa ido |
| Cibiyar al'adu | Kaɗan | Sosai | Matsakaici | Kaɗan |
| Darasin hutu | Matsakaici | Ga ajin jarrabawa | Da sauƙi | Gajiya |
| Hadda | Kaɗan | Sosai | Da sauƙi | Duka, tsawon zama |

Wanne ya dace da wa

Gidan da yara suke da yawa kuma kuɗi a ƙididdige yake, ya riƙe hadda ko ƙwallon unguwa a matsayin abin yau da kullum, ya ware rana ɗaya ta muze a tsakiyar hutu, kowa da kowa, da abinci daga gida. Raba kuɗin a kan yara biyar a kulob biyar ba zai kai ko ƙarshen Yuli ba.

Gidan da uwa da uba duka suke fita aiki, nisa ne zai yanke musu hukunci, ba ingancin wuri ba. Su zaɓi abin da yaro zai iya zuwa da ƙafa tare da yayansa ko ƴaƴan maƙwabta, ko da akwai wanda ya fi shi a unguwar Filato. Ɗora ƙaramin yaro shi kaɗai a kan kabu-kabu sau shida a mako, a kan kwalta mai santsi, haɗari ne da ya fi duk wanda aka lissafa a teburin nan.

Mai yara ƴan ƙasa da shekara 6 ba ya buƙatar kulob ko kaɗan. Muze da safe, lilo sau ɗaya ko biyu, da gidan kaka sun wadatar. Yaro mai ƙiriniya da ba ya zama wuri ɗaya, taikwando ya fi masa, da sharaɗin za a ci gaba bayan Oktoba. Mai shiru da son zane ko labari, a yi masa katin ɗakin karatu, a kuma kai shi rumfar masu sana'a fiye da sau ɗaya. Yarinya ƴar shekara 10 zuwa 14, wadda hutu yakan zame mata wanke-wanke da renon ƙanne daga safe zuwa dare, ita ce ta fi kowa cancantar a biya mata wani abu na kanta, ko da sau biyu ne a mako, kuma a raba aikin gidan da ƴan'uwanta maza a waɗannan ranaku.

Wanda zai shiga ajin jarrabawa ya ɗauki darasin hutu a fannoni biyu da suka fi ba shi wuya, ba duka ba, kuma a bar masa watan Yuli ya huta kafin ya fara. Gidajen da ke Saga, Gamkale, Gudel, Lamorde da sauran unguwannin bakin ruwa kuwa, idan kuɗin abu ɗaya kawai ake da shi a bana, a biya darasin iyo, a fara da babban yaron da ƙannensa suke bi zuwa bakin kogi.